Gam mai kamawa a cikin ruwa: abin da halittun teku ke yi, da abin da zai amfane mu a Akra

Kafintan kwalekwale, Chorkor:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu na kimiyya, kuma tambaya ce ta sana'a. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, don haka ita ce ranar da muke duba jiragen da suka tsage. Idan itacen wawa ya tsage daga ƙasa, dole sai an ja kwalekwalen tudu, an bar shi ya sha rana, sannan mu cusa tsumma ko zaren buhu a cikin tsagar, mu bi da kwalta mai zafi, wani lokaci mu rufe da fallen ƙarfe da ƙusoshi. In itacen bai bushe ba, duk abin da muka shafa ɓallewa yake yi tun kafin jirgin ya wuce inda igiyar ruwa ke fashewa. Amma a ƙasan wannan kwalekwalen da gam ya ƙi zama, akwai wasu ƙananan halittu masu farin ɓawo mai tauri, waɗanda sai an sa ƙarfe an kankare su, kuma sau da yawa da fenti suke tahowa. A cikin ruwa suka manne, ba su jira komai ya bushe ba. Da me suke mannewa, kuma me ya hana a yi mana irinsa mu saya a kanti?

Malamin kimiyya, Nima:
Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Tambayar da ka yi ita ce masana suka shafe fiye da shekara 40 suna bi. Matsalar daga ruwan kansa take farawa. Duk abin da ya nutse, dutse ne ko ƙarfe ko itace, akwai wani siririn ruwa da ke kwance a fuskarsa ya riƙe ta gam, kuma in a teku ne har da gishiri a ciki. Idan ka shafa gam na kanti, wannan ruwan yake taɓawa, bai kai ga itacen ba, shi ya sa da zarar an ja sai ya zame. Saboda haka duk halittar da ke mannewa a teku tana da aiki biyu: ta fara kore ruwan daga wurin, sannan ta kama.

Wadda aka fi nazari a kanta ita ce ƙumbar teku, halitta mai ɓawo biyu da ke rataye a duwatsun gaɓa inda igiyar ruwa ke dukanta dare da rana, kuma ana samun wani jinsinta a duwatsun gaɓarmu ta yamma. Tana miƙo ƙafarta waje ta danna a kan dutse, ta rufe ɗan wurin yadda ruwan teku ba zai shiga ba, sannan ta tsiyayo furotin ta wani kwari da ke tsakiyar ƙafar. Cikin 'yan mintuna sai zare ya ƙafe, da ɗan faifai a bakinsa wanda ya liƙe da dutsen. Haka za ta yi ta maimaitawa har ta sami zare 50 zuwa 100 da ke riƙe da ita. A shekarar 1981 Herbert Waite da Marvin Tanzer suka bayyana a mujallar Science cewa furotin ɗin yana ɗauke da wani sinadari da ake kira DOPA. Jikinsa zobe ne mai hannaye biyu a jere kusa da juna, kuma waɗannan hannayen biyu, da ake kira katekol, suna kama fuskar dutse ko ƙarfe tare, yadda in ɗaya ya saki ɗayan na riƙe har na farkon ya sake kamawa. A furotin ɗin da ke taɓa dutsen kai tsaye, DOPA ya kai kusan kashi 30 cikin 100. Daga baya, a 2015, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka nuna cewa wani sinadari mai suna laisin, wanda ke zaune kusa da DOPA, shi ke share gishirin daga fuskar dutsen kafin katekol ya sauka.

Waɗanda kake kankarewa kuwa, banakul ne, dangin ƙaguwa da jatan lande. Charles Darwin ya yi shekara 8 yana nazarinsu, daga 1846 zuwa 1854. Hanyarsu daban ce, zan bar ta ga ɗalibarmu ta Legon in ta shigo.

Mai gyaran famfo, Madina:
Malam, na gode da bayani, amma ni ban gamsu cewa akwai wani sabon abu a nan ba. A shagunan kayan gini ana sayar da ƙullin ifoksi mai launi biyu, wanda ake murzawa a hannu har launin ya zama ɗaya, kuma da shi nake toshe tankin ruwa yana yoyo, ba tare da na zubar da ruwan ba. Super Glue ma an ce da danshi yake ƙafewa. To idan muna da waɗannan, me ya sa za a kashe kuɗi da shekaru ana leƙen abin da ƙumba ke yi? Ni a ganina irin binciken nan da ake yi ne don mujalla, wanda talaka ba ya ganin amfaninsa.

Injiniyan jiragen ruwa, Tema:
Ɗan'uwa mai famfo, rabin maganarka gaskiya ce. Ifoksi na ƙarƙashin ruwa yana nan, mu ma muna aiki da shi. Sai dai ka tuna yadda kake yi da shi: sai ka goge wurin da takardar yashi, ka danna da yatsa da ƙarfi, ka riƙe har ya fara tauri. Da hannunka kake kore ruwan, kuma yawancin riƙon da yake yi daga shiga ramukan da ka kankara ne. A kan wuri mai santsi, ko mai gansakuka, ko inda ruwa ke motsi, ƙarfinsa yana raguwa sosai idan aka kwatanta da yadda yake kamawa a busasshen wuri. Super Glue kuwa, gaskiya ne danshi ke ƙafar da shi, amma a cikin ruwa sai bayansa ya ƙafe nan take tun bai gama shimfiɗuwa ba, kuma abin da ya ƙafe ɗin ba ya jure lanƙwasa.

A wajenmu abin ya wuce tanki. Idan jikin jirgi ko ƙafar gadar tashar ruwa ta sami matsala, ko dai a kai jirgin busasshen wurin gyara, wanda kowace rana a can kuɗi ce mai yawa, ko a kira masu nutso su yi walda a cikin ruwa, aikin da ke da haɗari ga rai. Ku tuna kuma akwai bututun iskar gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda mafi yawansa a ƙarƙashin teku yake daga Najeriya zuwa Takoradi, ga kuma kayan aikin haƙar mai na Jubilee da suka fara aiki tun 2010. Duk waɗannan suna buƙatar abin shafawa da ke kama jiƙaƙƙen ƙarfe ya kare shi daga tsatsa.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika ambata ba. Mu masu jirgi so muke mu hana banakul mannewa, domin idan suka cika ƙasan jirgi sai ya yi nauyin tafiya ya riƙa shan mai fiye da ƙima. A da ana shafa fenti mai guba da ake kira TBT, har aka gano yana lalata kawa da dodon koɗin teku, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta hana shi gaba ɗaya daga 2008. Wanda ya fahimci yadda gam ɗinsu ke kamawa shi zai iya yin fentin da zai hana kamun ba tare da guba ba.

Ɗalibar kimiyyar sinadarai, Legon:
Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena. Malam ya bar mini banakul, zan fara da shi. Tun yana ɗan tsako mai iyo yake neman wurin zama, kuma in ya samu ba ya ƙara tashi har ya mutu. A 2014 masu bincike daga jami'o'in Clemson a Amurka da Newcastle a Ingila suka ga cewa kafin ya zuba siminti, sai ya fara sakin wani ɗigon mai. Man ne ke ture ruwan daga wurin, sannan furotin ya biyo baya ya sauka a fuskar da aka share masa. Ga shi kuma ba ya dogara da DOPA kamar ƙumba, wanda ke nuna cewa hanyar ba guda ɗaya ba ce.

Amma ina so in amsa tambayar Baba kafinta ta biyu, wato me ya hana a sayar da shi a kanti, domin a nan wahalar take. Da farko, ba za a iya tatsarsa daga halittar ba: ana ƙiyasta cewa sai an tara ƙumba kusan 10,000 kafin a sami giram 1 na furotin ɗin. Shi ya sa wanda ake sayarwa, kamar Cell-Tak, ɗan kaɗan ne da ake liƙa ƙwayoyin halitta da shi a ɗakin gwaji. Abu na biyu ya fi wannan wuya. DOPA ba ya jure iska. Duk wanda ya taɓa fasa goro ya ajiye ya ga yadda farin da ke cikinsa ke rikiɗewa ya yi ja-ja cikin ɗan lokaci. Sinadaran da ke cikin goron dangin katekol ne, kuma iskar oksijin ce ta canza su. Haka DOPA yake yi, kuma da ya rikiɗe ya daina kama dutse. Ruwan teku kuwa yana hanzarta wannan rikiɗar, domin ma'aunin tsaminsa kusan 8 ne, wato ba shi da tsami. Abin da ƙumba ke yi shi ne, a ƙarƙashin ƙafarta ta mai da ɗan wurin ya yi tsami sosai, ta kuma zuba wani furotin na daban mai kare DOPA daga iska, har sai ya kama dutsen. Bayan ta ɗage ƙafar ne ruwan teku ke shiga, a lokacin kuma rikiɗar ta zama alheri, saboda ita ke ɗaure furotin da furotin su yi tauri. Ga kuma ƙarfen da take tacewa daga ruwan teku, wanda ƙwayarsa guda ke riƙe katekol uku a lokaci ɗaya, kamar yadda Jonathan Wilker na Jami'ar Purdue ya nuna a 2004.

Kun ga ke nan sinadarin shi kaɗai bai isa ba, tsarin zubawar da lokacinsa su ne rabin aikin. Mai yin gam a masana'anta yana iya haɗa katekol cikin sauƙi, amma dole ya samo yadda zai zauna wata da watanni a cikin gwangwani bai lalace ba, ya kuma ƙafe daidai lokacin da ake so. Wilker ya haɗa katekol da sinadarin da ake yin farar kumfar kwalin firji da shi, ya sami gam da ya kama ƙarfe a cikin ruwan gishiri fiye da na kasuwa da ya gwada, kuma an kafa kamfani don sayar da shi. Ana ci gaba, sai dai farashi bai sauko inda kafinta zai saya da galan ba.

Ma'aikaciyar jinya, Mamobi:
Ni ina ganin kun fi mayar da hankali ga jirgi da bututu, alhali wurin da wannan abu zai fara ceton rai shi ne ɗakin tiyata. Cikin jikin mutum ma ai ruwa ne da gishiri, ga jini yana gudu, ga nama mai laushi da ke motsi. Akwai gaɓoɓin da ɗinki ba ya yi musu daɗi, irin su hanta da huhu, domin allurar kanta tana ƙara huda su, kuma zaren yana iya yaga naman. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai haɗarin mota yana danna auduga, jini na ratsowa ta tsakanin yatsunsa, ana jiran a samo jinin ƙari, ya san darajar minti ɗaya.

A 2021 Hyunwoo Yuk da Xuanhe Zhao na cibiyar MIT da ke Amurka suka kwaikwayi dabarar banakul da ƙanwata ta bayyana. Sun zuba ƙananan ƙwayoyin gam a cikin man silikon. Idan aka danna shi a kan rauni, man ya kore jinin, ƙwayoyin su kama naman, kuma sun ba da rahoton cewa yana rufe wurin cikin daƙiƙa 15. Abin da ya fi burge ni shi ne bai dogara da daskarewar jini ba, don ya yi aiki har a dabbobin da aka ba maganin tsinka jini. Kafin wannan, a 2017, wasu a Harvard ƙarƙashin David Mooney sun kwaikwayi majinar wani dodon koɗi marar ɓawo, suka liƙe huda a zuciyar alade da ita. Akwai kuma wata tsutsa a gaɓar Kalifoniya da ke gina gidanta da ƙwayoyin yashi, tana ɗiga gam a kan kowace ƙwaya a cikin ruwa. Russell Stewart na Jami'ar Utah ya gano cewa gam ɗinta haɗin furotin ne masu cajin lantarki mabambanta, waɗanda in sun haɗu sai su zama ruwa mai kauri da ba ya gauraya da ruwan teku. Wasu kuma suna gwada gam irin na ƙumba don toshe hudar da ake yi wa fatar da ke lulluɓe da jariri a mahaifa idan an yi masa aiki tun yana ciki, saboda wannan fatar ba ta warkewa da kanta yadda ya kamata.

Ya kamata dai a sani cewa yawancin waɗannan a kan dabbobi aka gwada su, kuma tsakanin gwajin dabba da shigowa asibitocinmu akwai shekaru da izinin hukumomi. Duk da haka na fi sa rai a nan, domin likita giram kaɗan yake buƙata, tsadar ba za ta hana shi ba kamar yadda za ta hana kafinta.

Mai gyaran famfo, Madina:
Hajiya, maganar asibiti na karɓe ta, ba ni da ja. Tambaya ɗaya dai: kin ambaci alade. Da jikinsa ake yin gam ɗin, ko gwaji kawai aka yi a kansa? Wannan abu ne da mutanenmu za su so su sani kafin a sa musu a jiki.

Ma'aikaciyar jinya, Mamobi:
Gwaji aka yi a kansa, Malam, saboda zuciyarsa da hantarsa sun yi kusa da na mutum a girma. Wanda aka kwaikwaya daga dodon koɗi, da sinadarin ciyawar teku aka yi jikinsa, kuma irin waɗannan gam sau da yawa ana sa musu wani sinadari da ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande. Amma tambayarka tana kan hanya, domin akwai kayan tsayar da jini da ake yi da jelatin, shi kuwa daga fatar saniya ko ta alade ake samunsa. Haƙƙin majiyyaci ne ya tambaya, hukuncin lalura kuma na malamai ne.

Dattijo majemi, Sabon Zango:
Yara, jikana ne ke karanta mini abin da kuke rubutawa, shi ne kuma ke rubuta nawa. Na ji 'yata ta Legon ta ce akwai sinadari mai kama furotin ya sa shi tauri, mai kuma kama ƙarfe. Wannan ya tsaya mini a rai, domin aikin da na gada ke nan. Ɗanyar fata in an bar ta ruɓewa take yi. Amma in muka daka bagaruwa muka jiƙa, muka tsoma fatar a ciki muna juyawa, sai ruwan ya ratsa ta, ta fito ta zama kirgi, ba ta ƙara ruɓewa. A cikin ruwa ake wannan aikin daga farko har ƙarshe, ba a busasshen wuri ba. Kuma dukawa sun sani, idan ruwan da aka jiƙa tsatsar ƙarfe ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin, baƙin da wanki ba ya fitarwa. Da haka ake zana baƙin ado a jikin jaka da kube. Shin abin da ke cikin bagaruwa da abin da ke cikin wannan ƙumba dangi ne, ko kuwa kunnena ne ya haɗa su?

Ɗalibar kimiyyar sinadarai, Legon:
Baba, Allah ya ƙara girma, dangi ne na kusa. Abin da ke cikin bagaruwa shi ake kira tanin, kuma jikinsa cike yake da irin wannan zoben mai hannaye a jere, wasu biyu, wasu ma uku. Da su yake kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, kuma baƙin da kuke gani shi ne alamar ƙarfe ya shiga tsakanin zobban ya riƙe su, irin riƙon da ke cikin zaren ƙumba. Masana sun lura da wannan, domin tanin ya fi DOPA arha nesa ba kusa ba. A 2023 Wilker da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature wani gam da suka haɗa daga man waken suya, da asid ɗin da ke cikin tuffa, da tanin, wanda a wasu gwaje-gwajen ya yi kafaɗa da ifoksi. A Afirka ta Kudu ma an daɗe ana yin gam na katako daga tanin ɗin ɓawon wani itace dangin bagaruwa, tun shekarun 1970.

Malamin kimiyya, Nima:
Ina so in ja birki kaɗan a nan, kada murna ta kai mu inda hujja ba ta kai ba. Waɗannan gam na tanin da aka ambata, da zafi ake ƙafar da su, a busasshen wuri, wasu ma a ƙarƙashin injin matsewa. Haka ma wanda Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon ya ƙirƙiro bayan ya lura da ƙumba a bakin teku: ya gyara furotin ɗin waken suya ya yi gam marar fomaldihaid, wato sinadarin nan mai cutarwa da ake sa wa gam ɗin katako, ana yin katakon filawud mai suna PureBond da shi, har ya sami lambar yabo ta shugaban Amurka a 2007. Wannan shi ne babban cin nasarar kasuwa da aka samu daga kwaikwayon ƙumba, amma gam ne da ke jure danshi bayan ya ƙafe. Wanda za a shafa a cikin ruwa ya kama a can, shi ne abin da kafinta ya tambaya, kuma wannan mataki ne na daban. Tanin shi kaɗai narkewa yake yi a ruwa, in ba haka ba da Baba bai iya jiƙa bagaruwa ba. Dole sai an haɗa shi da wani abu mai ƙin ruwa wanda zai riƙe shi a wurin.

Ga mai famfo kuma, akwai labarin da ya shafe ka kai tsaye. A 2025 masana a Jami'ar Hokkaido ta Japan, ƙarƙashin Jian Ping Gong, suka tattara bayanan furotin masu danƙo fiye da 24,000 daga halittu daban-daban, suka sa kwamfuta ta taimaka wajen zaɓo haɗin da ya fi kamawa. Sun sami wani danƙo mai laushi da ƙarfinsa a cikin ruwa ya wuce megafaskal 1, wato kusan nauyin kilo 10 a kan kowane murabba'in santimita. Sun liƙa shi a kan huda mai faɗin milimita 20 a jikin bututu mai ruwa, yoyon ya tsaya nan take.

Mai gyaran famfo, Madina:
Wannan kam ya ja hankalina, Malam. Sai dai bututun ɗakin gwaji daban ne da namu. Namu yana kwance a cikin kwata ko a ƙarƙashin jar ƙasa, da laka da maiƙo a jikinsa, kuma ruwa ba kullum yake zuwa ba. Bututu zai yi kwanaki a bushe cikin zafin rana, sannan a sako ruwa da ƙarfi dare ɗaya. Danƙon da ke rayuwa da ruwa a jikinsa, me zai same shi idan ya bushe ya sake jiƙa, ya bushe ya sake jiƙa? Sai na ga amsar wannan kafin in ajiye ifoksina.

Injiniyan jiragen ruwa, Tema:
Tambayar nan daidai take, kuma ita ce ta shafi kwalekwale ma, domin shi ma rabin rayuwarsa a kan yashi yake yi. Itace yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe, saboda haka gam mai tauri kamar gilashi zai tsage ko da ya kama da kyau a ranar farko. Shi ya sa kwalta ta daɗe a hannun kafintoci duk da rauninta: tana bin motsin itacen. A nan ma akwai darasi a zaren ƙumba, don ba faifan kaɗai ke aiki ba. Zaren yana miƙewa idan igiyar ruwa ta ja shi, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga wurin da ya manne, sannan ya koma yadda yake a hankali.

Ina kuma roƙon kada maganar tanin ta sa wani ya nufi itatuwan mangurof, masu tsirowa a cikin ruwan gishiri, na bakin kogin Densu ko na Ada da gatari, don ɓawonsu ma yana da tanin da yawa. A saiwoyinsu da lakar da ke kewaye da su kawa ke zama, kuma matan Tsokomey da Bortianor da ita suke ciyar da gidajensu. Bagaruwa 'ya'yanta ake tsinka, itacen yana nan tsaye.

Kafintan kwalekwale, Chorkor:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa abin da nake nema bai iso kanti ba tukuna, na kuma fahimci dalili. Bari in faɗa wa masu binciken abin da za mu duba in ya iso. Manyan itatuwan wawa da ake sassaƙa kwalekwale guda daga jikinsu suna ƙara wuyar samu, kuɗinsu kullum hawa yake, don haka tsohon jirgi yanzu ba abin yarwa ba ne, gyara shi ake yi har iya ƙarfinsa. Gam ɗin da zai yi mana amfani dole ya kama jiƙaƙƙen itace mai gishiri, ya jure jan da ake yi wa jirgi a kan yashi da gungume, kada man injin da ke zuba a cikin jirgi ya narkar da shi, kuma a iya shafa shi da hannu ko da ɗan katako ba tare da wata na'ura ba. In mutum yana tsakiyar teku ruwa ya fara shigowa, ba shi da wutar narka kwalta, abin da yake da shi tsumma ne da bokitin kwalfewa. Ko gam ɗin bai daɗe ba, in zai riƙe har a iso gaɓa, masunta za su saya.

Ɗalibar kimiyyar sinadarai, Legon:
Baba kafinta, wannan sharaɗi na ƙarshe ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, domin gam na gaggawa da zai riƙe sa'o'i ya fi sauƙin samu a kan wanda zai yi shekaru. Ina neman aikin bincike na shekarar ƙarshe, kuma zan kai wa malamina wannan. Idan ya amince, zan roƙi Baba majemi bagaruwa irin wadda yake jima da ita, in roƙe ka guntayen wawa daga tsohon jirgi, ba sabon katako ba. Zan tace tanin ɗin, in gwada haɗa shi da mai da ɗan gishirin ƙarfe a ma'auni daban-daban, in liƙa guntaye biyu-biyu a cikin ruwan teku, sannan in auna nauyin da kowane zai ɗauka kafin ya rabu. Ba na yi wa kowa alkawarin zai kama.

Injiniyan jiragen ruwa, Tema:
Ƙanwata, in za ki yi, ki jiƙa guntayen a ruwan teku na ainihi har su ƙoshi kafin ki shafa komai, kada ki yi amfani da ruwan famfo da aka zuba wa gishiri, domin na teku yana da ƙananan halittu da ke shimfiɗa santsi a kan itace, kuma wannan santsin ne ke kayar da yawancin gam. Ki sa kwalta da ifoksin mai famfo a cikin gwajin, a liƙa su a yanayi ɗaya da naki, don a san da me ake kwatantawa. Rabin guntayen kuma ki riƙa fitar da su rana kina mayarwa ruwa, a ga amsar tambayar da ya yi. Ina da ma'aunin rataye da ke ɗaukar kilo 50, zan aiko miki da shi Legon ta hannun wani yaronmu idan malamin naki ya sa hannu.